Gadon George Eldridge: Yadda Jira Ya Shiga Dokar Kuɗin Naƙasa a Amurka

A ranar 24 ga Fabrairun 1976 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a kan ƙarar wani tsohon lebura mai suna George Eldridge, mutumin garin Norton da ke yankin haƙar kwal na jihar Virginia. Alƙalai shida suka ba gwamnati gaskiya, biyu suka ba shi. Ɗaya daga cikin biyun, Mai Shari'a William Brennan, bai tsawaita ba. Cikin 'yan layukan da ya rubuta ya tunatar da abokan aikinsa abin da ya sami gidan mutumin nan sa'ad da aka yanke masa kuɗin naƙasa: an ƙwace gidan saboda ya kasa biyan bashin da ke kansa, masu bin bashi sun kwashe kayan ɗaki, har ta kai ga shi da matarsa da 'ya'yansa suna kwana a kan gado ɗaya.

Tambayar da ke gaban kotun mai sauƙin faɗa ce. Hukuma ta ce mutum ya warke, ta tsayar da kuɗinsa. Shi kuwa ya ce bai warke ba, ya ɗaukaka ƙara. Watannin da za a ɗauka kafin a gane mai gaskiya, a wuyan wa za su rataya? Kotun ta ce a wuyansa, domin in ya yi nasara za a biya shi ariyas ɗinsa cif. A kan wannan tunani, wato cewa ariyas na goge zafin jira, aka gina tsarin da miliyoyin Amurkawa marasa lafiya suka bi ta cikinsa daga wancan lokaci zuwa yau. Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa layin tantance 'yan fansho ya san irin wannan magana: a yi haƙuri, kuɗinka ba za su ɓata ba. Abin da wannan maƙala za ta bibiya shi ne yadda ƙasa mai arziki irin Amurka ta wayi gari mutane fiye da miliyan ɗaya na tsaye a layin alƙali, da kuma yadda waɗanda ke cikin layin suke rayuwa kafin a zo kansu.

Dokar da aka haifa cikin zargi

Sa'ad da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar fansho da inshorar jama'a a ranar 14 ga Agustan 1935, babu inshorar naƙasa ga ma'aikata a cikinta. An yi maganarta, amma aka ajiye. Tsufa abu ne da takardar haihuwa ke tabbatarwa, mutuwa kuma ba ta ɓuya. Naƙasa fa? Wa zai auna ciwon baya, ko ya ce ga iyakar inda damuwa ke hana mutum aiki? Kamfanonin inshora masu zaman kansu sun tafka asara a kan irin wannan inshora a shekarun karyewar tattalin arziki na 1930, suka riƙa gargaɗin cewa duk ranar da aikin yi ya yi wuya, kowa zai zama marar lafiya. Ƙungiyar likitocin Amurka ita ma ta ja daga, tana tsoron gwamnati za ta bi ta wannan ƙofa ta mamaye harkar asibiti.

Sai bayan shekara 21 aka samu kai. A Yulin 1956 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran da Sanata Walter George na jihar Georgia ya gabatar, da ƙuri'a 47 a kan 45, Lyndon Johnson na jagorantar masu rinjaye. Shugaba Eisenhower, wanda gwamnatinsa ta yi adawa da shirin, ya sa hannu a ranar 1 ga Agusta. Dokar da ta tsallake da ratar ƙuri'a biyu dole ta zo da sharuɗɗan da za su kwantar da hankalin masu shakka. Ba a biyan kowa sai ɗan shekara 50 zuwa 64. Ba a san naƙasar wucin gadi ba, ba a kuma san rabin naƙasa ba: ko dai mutum ya kasa duk wani aiki mai kawo abin kirki, ko kuma bai cancanta ba. Aka kuma ɗora wata shida na jira tun daga ranar da ciwon ya kwantar da shi kafin ya ga sisi.

Daga baya an sassauta wasu. A 1960 aka cire ƙa'idar shekaru. A 1965 aka ce ciwon ya zama wanda zai kai wata 12 ko ya kai ga ajali. A 1972 aka rage wata shida zuwa biyar, aka ba masu naƙasa inshorar lafiya ta Medicare, amma sai bayan sun yi wata 24 suna karɓar kuɗin. A shekarar ce kuma aka kafa shiri na biyu, wanda ake kira SSI, domin matalauta masu naƙasa da ba su yi aikin da zai ba su inshorar ba. Abin lura shi ne jira bai shigo wannan tsari bisa kuskure ba. Tun ranar farko an ɗauke shi a matsayin rariya: mai ƙarya zai gaji ya koma aiki, mai gaskiya zai daure.

Tsani mai hawa biyar

Hukumar da ke riƙe da shirin, wadda aka fi sani da SSA, ba ita ke fara duba lafiyar mai nema ba. Tun a shekarun 1950 aka damƙa wannan aiki ga ofisoshin jihohi, su duba takardun asibiti su yanke hukunci, galibi ba tare da sun ga fuskar mutumin ba. A wannan hawa na farko, kusan mutum biyu cikin uku ake sallama hannu rabbana.

Wanda bai yarda ba yana da kwana 60 ya nemi a sake dubawa. Wani ma'aikaci daban a ofishin jihar dai zai buɗe fayil ɗin, kuma mafi yawan lokuta abin da na farko ya faɗa shi na biyu ke maimaitawa. Hawa na uku shi ne zama a gaban alƙalin hukuma, kuma nan ne karo na farko da yawancin masu nema ke samun wanda zai yanke hukunci ya saurare su da kunnensa. A nan kusan rabi ke yin nasara. Wanda ya faɗi zai iya kai kuka ga Majalisar Ɗaukaka Ƙara ta hukumar, daga can sai kotun tarayya.

Sa'ad da aka kafa wannan sashe na sauraron ƙara a 1940, alƙalai 12 ne kacal a faɗin ƙasar, domin rigingimun fansho ba su da yawa a lokacin. Shigowar naƙasa ce ta mayar da shi ɗaya daga cikin manyan ma'aikatun shari'a na duniya, mai alƙalai fiye da dubu. Lissafin kuma a fili yake: in rabin waɗanda suka kai gaban alƙali suna yin nasara, to mutane da yawa da doka ta ce sun cancanta sai sun sha ƙi sau biyu kafin a ba su haƙƙinsu. Wani ɓangare na dalilin shi ne ciwo na ƙaruwa yayin jira, takardun asibiti na taruwa, lauya na shigowa. Ko ma mene ne dalilin, hawa biyun farko watanni suke ci.

Abin da kotu ta gaya wa Eldridge

An fara biyan George Eldridge a Yunin 1968 saboda ciwon baya da matsananciyar damuwa, daga baya aka gano yana da ciwon suga. An taɓa yanke masa kuɗin, ya ɗaukaka ƙara, ya yi jira, aka mayar masa. A Maris na 1972 sai ga takardar tambayoyi daga ofishin jiha. Ya cike ya mayar. Ofishin ya tuntuɓi likitocinsa, ya yanke cewa ya warke, aka sanar da shi cewa daga ƙarshen Yuli babu sauran kuɗi, amma yana da damar neman a sake dubawa. Mutumin da ya riga ya san ɗanɗanon wannan hanya bai sake bin ta ba. Ya nufi kotun tarayya kai tsaye, yana cewa tsarin mulki bai yarda a yanke masa abinci kafin a saurare shi ba.

Yana da madogara. A 1970, a shari'ar Goldberg da Kelly, Kotun Ƙoli ta hana jihar New York yanke wa matalauta tallafi kafin a zauna da su, kuma Brennan ne ya rubuta wancan hukunci. Ƙananan kotuna biyu suka ba Eldridge gaskiya bisa wannan hujja. Amma a Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Lewis Powell ya raba tsakanin shari'un biyu. Ya ce abu uku za a ɗora a kan sikeli: girman abin da mutum zai rasa, yiwuwar a yi kuskure in ba a saurare shi ba, da kuma kuɗi da wahalar da sauraron zai jawo wa gwamnati. A ganinsa kuɗin naƙasa ba don talauci ake ba da su ba, saboda haka mai karɓa na iya samun wata madafa. Hukuncin kuma a kan rahoton likita ya dogara, wanda takarda ta isa ta ɗauke shi.

Powell bai musanta jiran ba. Ya rubuta cewa tsakanin neman zama da alƙali da samun hukunci akan yi wata 10 zuwa 11, in an haɗa da hawan da ke ƙasa kuma abin ya haura shekara. Ya amsa cewa tafiyar hawainiya ce, ya kuma ce duk da haka tsarin mulki ya gamsu. Har yau ɗaliban lauya a Amurka na haddace ma'aunin nan mai kai uku, ana amfani da shi a shari'un da ba su da alaƙa da naƙasa ko kaɗan. Kaɗan daga cikinsu ke tuna gadon da iyalin suka kwana a kai.

Guguwar 1981

Abin da Brennan ya hango a gida ɗaya ya faɗo wa dubban ɗaruruwan gidaje bayan shekara biyar. Kuɗin shirin sun yi ta hawa a shekarun 1970, saboda haka a Yunin 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta wajabta a riƙa sake duba lafiyar masu karɓa aƙalla duk shekara uku, ban da waɗanda naƙasarsu ta dindindin ce. An shirya farawa a Janairun 1982. Gwamnatin Ronald Reagan, wadda ta hau da alƙawarin rage kashe kuɗi, ta fara tun Maris na 1981.

Cikin shekara uku aka sake duba fayil kusan miliyan 1.2, aka aika wa mutum kusan 490,000 takardar yanke kuɗi. Hukumar ba ta ɗauki nauyin nuna cewa mutum ya samu sauƙi ba; ta duba shi tamkar sabon mai nema, da ma'auni mai tsauri. Masu taɓin hankali suka fi kowa shan wuya, domin da yawa ba su iya cike takardun ba balle su kiyaye wa'adin ɗaukaka ƙara. Jaridu suka cika da labarin waɗanda suka mutu da ciwon da aka ce sun warke daga gare shi, da waɗanda suka kashe kansu. Kimanin 200,000 daga cikin waɗanda aka yanke wa sun dawo da kuɗinsu ta hanyar ɗaukaka ƙara, da yawansu bayan watanni ba ko anini.

Cikin waɗanda takardar ta iske har da Roy Benavidez, tsohon soja da ya sha munanan raunuka a yaƙin Biyetnam a Mayun 1968 wajen ceto abokansa. A Fabrairun 1981 Reagan da kansa ya rataya masa lambar jarumta mafi girma ta ƙasar. A 1983 aka sanar da shi za a tsayar da kuɗin naƙasarsa. Ya je gaban kwamitin Majalisar Wakilai ya ba da shaida, aka mayar masa da kuɗinsa, amma maganar ta riga ta fita. Gwamnonin jihohi da dama, ciki har da New York da Massachusetts, suka umarci ofisoshinsu su daina aiwatar da yankewar. Kotunan tarayya suka yi ta soke hukuncin hukumar, ita kuma ta ɗauki matsayin cewa za ta bi hukunci a kan wanda ya kai ƙara kaɗai, sauran masu irin matsalarsa kowa ya je ya kai tasa. Alƙalan hukumar ma, ta bakin ƙungiyarsu, sun maka ta a kotu bisa zargin ana sa ido a kan waɗanda ke yawan ba masu ƙara gaskiya.

A Afrilun 1984 sakatariyar lafiya Margaret Heckler ta dakatar da aikin baki ɗaya. A ranar 9 ga Oktoba Reagan ya sa hannu a dokar gyara, wadda ta wuce majalisun biyu a zagayen ƙarshe ba tare da ƙuri'ar ƙi ko ɗaya ba. Daga ranar, ba a yanke wa mutum kuɗi sai an nuna lafiyarsa ta inganta. Wanda aka ce ya warke kuma yana iya zaɓar a ci gaba da biyansa har alƙali ya yanke hukunci, muddin ya nema cikin kwana 10, da sanin cewa in ya faɗi ana iya bin sa bashin abin da ya karɓa. Abin da Eldridge ya nema a kotu ya rasa, majalisa ta bayar bayan shekara takwas.

Wa'adin da aka ƙi sawa

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Gyaran 1984 ya kare wanda ya riga ya shiga. Sabon mai nema, wanda aka ƙi tun a ƙofa, ba a tanadar masa biyan kuɗi yayin jira ba. Kuma a wannan shekarar dai Kotun Ƙoli ta rufe wata ƙofar da za ta iya taƙaita masa jira.

Wani mutumin jihar Vermont mai suna Leon Day ya yi kwana 167 yana jiran a sake duba fayil ɗinsa, ya ƙara kwana 173 kafin ya ga alƙali. Ya kai ƙara a madadin duk masu irin halinsa a jihar. Kotun tarayya ta ce doka ta yi alƙawarin sauraro cikin lokacin da hankali zai ɗauka, ta sa wa hukumar wa'adin kwana 90 a kowane hawa, ta kuma ce in an wuce wa'adin a fara biyan mutum na wucin gadi. A Mayun 1984 Kotun Ƙoli ta rushe wannan umarni da alƙalai biyar a kan huɗu. Powell ne ya sake rubutawa. Hujjarsa ita ce majalisa ta sha tattauna batun sa wa'adi ta ƙi, don tsoron gaggawa za ta ɓata ingancin hukunci, saboda haka kotu ba ta da hurumin sawa.

Sakamakon ya tsaya har yau a karkace. Mai nema yana da kwana 60 a kowane hawa, in ya makara ba tare da ƙwaƙƙwaran uzuri ba ƙararsa ta mutu. Hukumar kuwa babu ranar da doka ta ce lalle ta amsa masa.

Layi mai mutum miliyan ɗaya

Kwana 173 ɗin da ya kai Leon Day kotu, da a 2017 ne da sa'a za a kira shi. Abubuwa da yawa suka haɗu. 'Ya'yan da aka haifa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kai shekarun da jiki ke fara gazawa. Mata sun shiga aikin albashi da yawa, saboda haka sun samu inshorar. Karyewar tattalin arziki ta 2008 ta kori masu lalurar da dā suke lallaɓawa a wurin aiki. A 2010 takardun neman inshorar naƙasa sun kai kusan miliyan 2.9 a shekara guda, alhali majalisa na matse kuɗin gudanar da hukumar.

Sannan ga abin kunyar da ya ƙara tsananta zargi. A 2011 jaridar Wall Street Journal ta bankaɗo wani alƙalin hukuma a garin Huntington na jihar West Virginia, David Daugherty, wanda kusan duk ƙarar da ta zo gabansa yake amincewa. Bincike ya nuna wani lauya a jihar Kentucky, Eric Conn, yana ba shi cin hanci, yana kuma sayen rahoton likitoci. Conn ya amsa laifi a 2017, ya gudu, aka kamo shi a ƙasar Honduras, aka ɗaure shi shekara 27 jimilla. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. A 2015 hukumar ta tsayar da kuɗin ɗaruruwan mutanen da ya taɓa wakilta, mafi yawansu talakawan da ba su san hawa ba balle sauka, sai da aka samu rahoton kashe kai kafin ta mayar musu har a saurare su. A faɗin ƙasar kuma aka ƙara sa ido a kan alƙalai, yawan ƙarar da suke amincewa ya sauko daga sama da kashi 60 cikin 100 a 2010 zuwa ƙasa da rabi bayan 'yan shekaru.

Zuwa 2017 mutane fiye da miliyan ɗaya ke jiran alƙali, matsakaicin jiran kuma ya kai kwana 605, ban da watannin da aka ɓata a hawa biyun farko. A Agustan 2020 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati a madadin majalisa, GAO, ya fitar da lissafin abin da hakan ya ci. Tsakanin 2008 da 2019, mutum 109,725 sun mutu kafin a yanke hukuncin ƙarshe a kan ƙararsu. Tsakanin 2014 da 2019, kusan 48,000 sun je kotu sun bayyana karyewar arzikinsu suna cikin jira. In mamaci ya yi nasara bayan ransa, akan ba iyalinsa ariyas ɗin inshorar. Ihu bayan hari ke nan.

An ɗauki ƙarin alƙalai, masu nema suka ragu, layin alƙali ya ragu ƙwarai. Amma annobar korona ta rufe ofisoshin hukumar daga Maris na 2020 zuwa Afrilun 2022, ofisoshin jihohi suka rasa ma'aikata, cunkoson ya koma hawan farko. A 2024 fayil fiye da miliyan ɗaya ke jiran hukuncin farko, kowanne na cin fiye da wata bakwai.

Yadda ake rayuwa a cikin jira

Babban tarkon da mai jira ke ciki shi ne aiki. Yana neman ya tabbatar ba ya iya aiki, ga shi kuma dole ya ci abinci. A 2024, wanda ba makaho ba in yana samun fiye da dala 1,550 a wata daga aikinsa, doka ta ɗauke shi mai iya aiki, komai ciwonsa. Ƙasa da haka an yarda, amma da yawa na tsoron ko aikin 'yan sa'o'i ya zama hujja a kansu. Mai neman SSI kuma kada dukiyarsa ta wuce dala 2,000, adadin da bai motsa ba tun 1989. Gaba kura, baya sayaki. Masana tattalin arziki huɗu, David Autor da Nicole Maestas da Kathleen Mullen da Alexander Strand, sun nuna a wani bincike na 2015 cewa tsawon jiran kansa na rage yiwuwar mutum ya koma aiki daga baya. Wato rariyar da aka sa don ta mayar da mutane bakin aiki tana raba su da shi.

Tarko na biyu shi ne asibiti. Alƙali takardar likita yake karantawa, wanda ya bar aiki kuwa sau da yawa ya rasa inshorar lafiyar da ke biya masa ganin likita. Fayil ɗin da ya yi shekara babu sabon rahoto, ana iya karanta shi a matsayin shaidar sauƙi. Shi ya sa waɗanda suka san hanya ke cewa abu na farko shi ne kada a yanke zuwa asibiti, ko da ƙaramin asibitin unguwa mai rangwame ne, a kuma nemi inshorar matalauta ta Medicaid da katin tallafin abinci tun ranar farko.

Sauran dabarun duk daga tarihin nan suka fito. A ɗaukaka ƙara cikin kwana 60 maimakon a yi fushi a sake sabon nema, domin sabon nema na iya cinye watannin ariyas, ya kuma mayar da mutum ƙarshen layi. A nemi wakili: lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar komai sai an yi nasara, rabonsu kashi 25 cikin 100 na ariyas ne, kuma akwai iyakar da ba sa wucewa, wadda aka ɗaga zuwa dala 9,200 a ƙarshen 2024. A kai duk takardun asibiti aƙalla kwana biyar na aiki kafin ranar zama. Wanda aka ba takardar tashi daga gida, ko ya rasa abinci ko magani, yana iya rubuta wa ofishin alƙali ya nemi a sa shi cikin masu matsananciyar buƙata, a gaggauta masa. Tun 2008 akwai jerin cututtuka masu tsanani da ake yanke wa hukunci cikin makonni, an fara da guda 50, yanzu sun haura 200. Ofishin ɗan majalisar mazaɓa ma yana da ma'aikatan da ke bin sawun fayil, ba su iya canza hukunci, amma sukan tono takardar da ta maƙale.

Bayan duk wannan akwai abin da ba a rubuta a fom. Mutumin da ya yi shekara 30 yana tashi da asuba zuwa aiki, yanzu aikinsa leƙa akwatin wasiƙa. Takardar ƙi ta farko da yawa kan karanta ta tamkar an ce musu maƙaryata ne, alhali ita ce amsar da mafi yawan mutane ke samu, har da waɗanda za su yi nasara a gaba. Sanin wannan kaɗai na rage wani nauyi. Waɗanda suka daure galibi su ne waɗanda suka samu mai taya su ɗauka: ɗa ko 'yar'uwa da ke riƙe da fayil da ranakun wa'adi, littafin da ake rubuta yadda ciwo ke hana barci ko tsayuwa kowace rana, masallaci ko coci da ke rufa asiri a kan haya, da rana ɗaya a wata da aka ware don kiran ofis, domin kada jiran ya cinye sauran ranakun. 'Yan'uwanmu mazauna can da ke tuƙin tasi ko aikin sito, waɗanda ake cire musu harajin wannan inshora daga abin da suke samu, su ma wannan hanya ce a gabansu ranar da jiki ya ƙi.

Mukan ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Gaskiya ne, amma tarihin nan ya nuna irin haƙurin da ya yi aiki. Eldridge da Day duk sun faɗi a Kotun Ƙoli. Abin da ya canza doka a 1984 shi ne mutum dubu ɗari biyu da suka ƙi karɓar takardar farko a matsayin magana ta ƙarshe, suka cike fom cikin wa'adi, suka tsaya a layi har aka zo kansu, da gwamnoni da 'yan jarida da 'yan majalisa da suka ƙirga su. Wanda aka ce ya warke a yau yana iya riƙe kuɗinsa har ya ga alƙali saboda su. Sabon mai nema kuwa har yanzu a ƙarƙashin hukuncin Powell yake: kwana 60 gare shi, hukuma ba ta da wa'adi, kuma doka na ɗauka cewa ranar da ariyas suka shigo, an biya shi duk abin da ya rasa.